Kurmin Oppy da Dazukan Gabashin Kano

A birnin Landan akwai wani gidan tarihi da Ingilishi suka kafa tun 1917 domin adana kayan yaƙe-yaƙensu. Ba bindigogi da jiragen sama kaɗai aka tara a cikinsa ba, har da dubban zane-zane na hannu, waɗanda akasari gwamnati ce ta ɗauki masu zane ta biya su suka yi. A cikin waɗannan akwai wani babba, tsayinsa ya kusa mita 2, faɗinsa ya ɗan haura haka. Sunansa in an mayar da shi Hausa shi ne "Kurmin Oppy, 1917, da Yamma". Wani saje mai suna John Nash ne ya zana shi a 1918. Ni dai hotonsa na gani a intanet, amma ko a ɗan gilashin waya, zane ne da in ka kalla sai ka sake komawa.

Bari in kwatanta maka shi, ya kai mai karatu. Rabin zanen na ƙasa rami ne, irin dogayen ramukan nan da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka haƙa suka zauna a ciki shekara da shekaru. An shimfiɗa katakai a ƙasan ramin saboda taɓo, katakan sun miƙe har bakin wani ɗaki da aka fafe a cikin ƙasa. Sojoji biyu na tsaye daga hagu, ɗaya ya taka tudu yana leƙen filin da ke tsakaninsu da Jamusawa. Ba mai harbi, ba mai gudu, ba gawa ko ɗaya. Daga dama kuma ga kurmin, ko in ce abin da ya rage na kurmin: gungumomi a tsaye ba ganye ba reshe, wasu an sare musu kai, wasu sun tsage tun daga sama, a gindinsu tarkacen kwanon rufi da karyayyun katakai. Sama kuwa shuɗiya ce tas, da gajimare masu kyau, irin yammacin da mutum zai so ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Wannan sama mai kyau ita ta fi komai tayar mini da hankali a zanen, domin ko a jikinta.

Oppy wani ɗan ƙauye ne a arewacin Faransa, arewa maso gabas da birnin Aras. Jamusawa sun kama shi tun 1914, suka mai da ɗan kurmin da ke yamma da ƙauyen sansani. Suka kewaye shi da waya mai ƙaya, suka ɓoye mashinga a cikinsa, suka ɗora masu leƙen asiri a kan itatuwa, ta yadda duk motsin da sojan Ingila ya yi a fili ana ganinsa. Da asubahin 3 ga Mayu, 1917, aka tura rundunonin da akasarinsu samarin birnin Hul ne su ƙwato shi. Waɗannan samari 'yan gari ɗaya ne, wasu 'yan layi ɗaya, wasu abokan aiki, tare suka ba da sunayensu a 1914 bisa alƙawarin ba za a raba su ba. To ba a raba su ɗin ba. Wata ya haska su daga baya, Jamusawa na cikin duhun kurmi suna ganinsu sarai, aka yi musu ɓarna mai yawa cikin 'yan sa'o'i, kuma ba su samu kurmin ba. A cikin waɗanda suka mutu akwai wani malamin makaranta kuma shahararren ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na Hul, Jack Harrison, wanda ya tunkari wata mashinga shi kaɗai, ba a ko ga gawarsa ba. Sai ranar 28 ga Yuni aka ci kurmin. Kafin lokacin igwa ta riga ta gama da itatuwan.

A haka John Nash ya tarar da wurin. An haife shi a Landan a 1893, ƙanen Paul Nash ne, wanda ya fi shi suna a duniyar zane. Abin da ya ƙara jawo ni gare shi shi ne bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba. Yayan nasa, wanda ya yi makarantar, shi ya ba shi shawarar kada ya je, don kada malamai su ɓata masa ido. Ɗan rahoton wata ƙaramar jarida ne kafin ya kama zane. Mu da muka shigo rubutu da takardar sakandare, muka koyi sana'ar a tsakanin madaba'a da 'yan littafin Kasuwar Sabon Gari, mun san irin wannan mutum. Ya shiga soja a 1916, ba a matsayin mai zane ba, a matsayin mai ɗaukar bindiga. Ya kwana a ramukan Oppy. Ranar 30 ga Disamba, 1917, kusa da Marcoing, aka umarci ƙungiyarsa ta fito daga rami cikin dusar ƙanƙara ta tunkari abokan gaba da rana tsaka. Su 80 ne, 68 aka kashe ko aka raunata cikin 'yan mintoci. Yana cikin 12 da suka tsira lafiya.

A 1918 yayansa ya yi masa hanya aka ɗauke shi cikin masu zanen yaƙi na gwamnati. Su biyun suka kama wata rumfar shanya ganyayyaki a ƙauyen Chalfont, yamma da Landan, suka mai da ita ɗakin aiki. A nan ya zana harin Marcoing daga ƙwaƙwalwarsa, a nan kuma ya zana kurmin Oppy. An yi nufin a rataye zanen a wani katafaren zauren tunawa da mamatan yaƙi, sai dai ba a taɓa gina zauren ba, shi ya sa ya ƙare a gidan tarihi. Akwai wani ɗan labari da nake so a cikin zamansa na Chalfont. Da yake gwamnati ke biyansa, yana ganin lokacin rana nata ne, ba ya taɓa zanen kansa sai ƙarfe 6 na yamma ta wuce. A irin wannan lokaci ya zana wata gonar hatsi da aka girbe, dammuna a tsaye, inuwarsu ta yi tsawo saboda rana ta yi ƙasa, da kurmi lafiyayye a kan tudu daga baya. Wato da rana yana zana itacen da aka kashe, da yamma yana zana mai rai. Kuma sauran rayuwarsa, har ya mutu a 1977, itatuwa da tsirrai ya yi ta zanawa. Mutum ne mai lambu, ya san kowane tsiro da sunansa, har ya yi wani littafi na zanen tsirrai masu dafi a 1927. Ina jin shi ya sa gungumomin Oppy ba su yi kama da turakun waya ba. Kowanne da irin karayarsa, kamar wanda ya zana su ya san yadda suke kafin a taɓa su.

To, me ya haɗa ɗan Gaya da wani kurmi a Faransa?

Abu na farko, yaƙin bai tsallake mu ba. A shekarar nan ta 1917, zamanin Sarkin Kano Abbas, sojojin Nijeriya na can Gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, suna fafatawa da Jamusawan janar Lettow-Vorbeck. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma da Hausa ake ba su umarni. Sun sha yunwa a bakin kogin Rufiji da daminar farkon shekarar, sannan a watan Oktoba, a Mahiwa, aka yi musu ɓarnar da ba ta da nisa da ta samarin Hul. Su ma a cikin daji aka yi nasu. Wani hafsa Bature mai suna Downes ya rubuta littafi a kansu a 1919. Mutanen Hul kuwa sun je har Oppy a 1927 sun gina wa 'ya'yansu abin tunawa a gefen kurmin, kuma har gobe yaron makaranta a Ingila zai iya tsayawa gaban zanen Nash ya ga inda kakan kakansa ya faɗi. Ka tambayi ɗan sakandare a Gaya ko Wudil ina ne Mahiwa.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni itatuwan ne.

Gaya gari ne da tarihinsa ke ɗaure da itace, ko da yake ba a cika faɗar haka ba. Kowa ya san labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce daga Gaya suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala, aka ce ma sunan ɗayansu ne ya zama sunan Kano. To tama ba ta narkewa da yawu. Gawayi take ci, kuma ba kowane gawayi ba. Maƙeri zai gaya maka ba kamar na ƙirya, saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa. Duk inda ka ji an yi ɗaruruwan shekaru ana narka tama, to a wurin akwai daji, kuma ana cin dajin. Tarihin Kano ya ambaci Gaya tun zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, lokacin da Agalfati ɗan Sarkin Macina ya zama Sarkin Gaya. Ya ambaci Sarkin Gaya Farin Dutse da tawayensa a zamanin Sarki Dadi. Sarakuna da yaƙe-yaƙe duk an lissafa. Dajin da dawakinsu suka ratsa kuwa ba a ce komai a kansa ba, domin ba wanda ya zaci abu ne da zai ƙare.

A cikin birni ma haka. Kasuwar Kurmi da Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ai sunanta ya faɗi abin da ke wurin a da: kurmin Jakara ne, duhuwar itatuwa a bakin ruwa. Yau ka shiga ka nemo mini inuwar da ba ta rumfa ba. Ɗorayi, Kurna, Giginyu, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Rimin Gado, duk sunayen itatuwa ne suka zama sunayen unguwanni da garuruwa. A ƙasar Gaya ma, wa zai ji an ce Gamoji gamji bai faɗo masa a rai ba? Gidan tarihinmu na itace ke nan, sunaye kawai. Zane mafi tsufa na Kano da na sani shi ne wanda aka buga a littafin Barth a 1857, daga abin da ya zayyana a kan Dala a 1851. Shi ma baƙo ne, kuma birni ya kalla, ba ƙauye ba.

Namu dajin ba igwa ce ta ci shi ba, amma yaƙin Turawa na da hannu a ciki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta zama kuɗi, haraji kuma ya zama sai da kuɗi. Manomin da ke barin gefen gonarsa ya huta shekara biyu ko uku, sabara da kalgo su tsiro, sai ya daina bari. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, musamman daga 1942 da Japan ta ƙwace ƙasashen gabas masu ba Ingila man girki da kuza, sai aka juyo kanmu gaba ɗaya: a noma gyaɗa, a ba da mutane su tafi haƙar kuza a Jos ala tilas, a ba da samari su tafi Bama. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, daga gonakin irin su Gaya, Kademi, Ajingi da Toranke aka tara ta buhu-buhu, a bayan jakuna. An ɗauki hoton dala ta kowace kusurwa, har a jikin kuɗi an buga hoton buhunan gyaɗa. Saurar da aka sheme aka shuka gyaɗar ba ta samu mai ɗaukar hotonta ba. Daga baya fari ya zo a 1973, ya dawo a 1984. Aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar kogin da ya bi ta Wudil ya gangara ta gefen Ajingi zuwa Haɗeja ta canja hali, fadamu suka canja da ita.

A nan sai in yi adalci, don kada a ce marubucin soyayya ya zo da kukan da ya saba. Tun 1935 wani masanin daji Bature, Stebbing, ya shelanta wa duniya cewa Sahara na tafe za ta cinye Arewacin Nijeriya. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar da ake cewa tana tafe ba. Bayan shekaru, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, shi da abokan aikinsa suka ƙirga itatuwan gonakin kewayen Kano, suka tarar ba su ragu kamar yadda ake ta faɗa ba. Manomin Kano ba ya wasa da itacen gonarsa. Ya san gawo na zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani. Ya san ɗorawa kalwa ce, kalwa daddawa ce, daddawa kuɗi ce. Sassabe yake yi, ba kisa ba. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Dutse ya ga itatuwa a gonaki dama da hagu.

Sai dai ƙirge daban, gani daban. In ka sare ƙirya ɗaya ka dasa darbejiya biyu, a takarda an samu ƙari. Darbejiyar nan baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, sai a 1928 aka fara dasa ta a Barno. Tana da saurin girma, akuya ba ta cika damunta ba, tana ba da inuwa da itacen girki da azara, ban raina mata ba. Amma ba a sassaƙa turmin kirki da ita, ba a kaɗa miya da ganyenta, yaro ba ya hawanta ya sauko da aljihu cike kamar yadda muke saukowa daga kan kanya da ɗinya. Ina yaro, in an kai mu hutu wajen dangin mahaifiyata a ƙasar Ajingi, tsofaffi kan nuna wani fili su ce a da nan duhuwa ce, mace ba ta ratsawa ita kaɗai da la'asar saboda kura. Ni gero na gani a wurin, da kuka guda biyu. Na yarda da su don manya ne, amma ban iya ganin abin da suke gani ba. Marke ne ya fi yawa, ko ƙirya, ko taura? Rana na ratsawa har ƙasa? Tsayinsu ya kai na rimin bakin kasuwa? Su sun sani, sun kuma tafi da saninsu. An ce gani ya kori ji, to mu ji kaɗai aka bar mana, shi ma yana ƙarewa.

Wani zai ce ai addini ne ya hana mu zane. Wannan ba hujja ba ce a nan. Saɓanin malamai a kan surar abu mai rai ne, mutum da dabba. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mai sana'ar zane da ya je wajen Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi a kan zana masu rai, sannan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wato ƙofar da John Nash ya bi ya yi suna, a buɗe take gare mu tun ƙarni na 7. Kuma ba hannu muka rasa ba. Dubi zayyanar allon sauka, dubi dagin da magina ke fitarwa a fuskar soro, dubi aikin masu fentin bayan manyan motoci. Sai dai mai fentin mota in zai zana itace, bishiyar kwakwa yake zanawa a bakin wani teku da bai taɓa gani ba, ko dutse mai ƙanƙara da ya kwafo daga kalanda.

Mu marubuta kuma fa? Nan ne maganar ta iso gida. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 aka buga dubban littattafai a kasuwar nan tamu, kuma ina cikin masu kare ta a duk inda aka taso mata, domin ita ta koya wa matan aure da 'yan mata da yawa karatun Hausa. Amma ɗauki goma a cikinsu ka duba bangon: budurwa mai kama da 'yar fim ɗin Indiya, saurayi da mota, fure a gefe. Ka buɗe ciki. In masoya za su haɗu, a "wani ƙayataccen lambu mai ɗauke da furanni kala-kala" za su haɗu. Wane fure? Wane itace? Ba a faɗa. Za a ba ka sunan motar da lambar ƙirarta, sunan turaren, sunan leshin da kuɗinsa, har kalar labulen falo. In kuwa labari ya kai ƙauye, sai a ce "ƙarƙashin wata bishiya", shi ke nan. Alhali mai karatun nan da ke kwance a ɗakinta a Gaya ta san bambancin inuwar tsamiya da ta ceɗiya, ta san wacce ake cewa kada a zauna a gindinta da tsakar rana, ta san warin furen ɗorawa in bazara ta kusa. An mai da abin da ta sani ba abin rubutawa ba. Wanda zai karanta mu nan da shekara 100 zai san irin wayar da ake yayi a Kano a kowace shekara, amma zai zaci a fili fetal muka yi soyayyarmu.

Abin lura a wajen Nash shi ne ba kurmi mai kyau aka ba shi ya zana ba. Ya iso bayan an gama ɓarna, bai ce bari in zano yadda yake a da ba, bai kuma ƙara gawarwaki don a ji tausayi ba. Abin da ya tarar ya zana, har da kwanon rufin da ke yashe a ƙasa, har da saman da ba ta damu ba. Kurmin Oppy ya sake tsirowa bayan yaƙi, yana nan kore shar a gefen ƙauyen, wanda ya je yau ba zai ga alamar 1917 a jikin itatuwan ba sai ya koma ga zanen.

Da wani yaro mai hannu zai tsaya a hanyar Gaya zuwa Ajingi da yammacin wata rana ta kaka, ya yi irin abin da Nash ya yi, ga abin da nake jin zai fito. Daga gaba karan dawa a tsaye an karya kawunansa, da dammunan gero jingine da juna. Kuka biyu ko uku da aka aske wa rassa saboda miya, sun yi dungu-dungu, ba su da maraba da gungumomin Oppy in ba ka san dalili ba. Gawo ya fara fitar da sabon ganye a lokacin da kowa ke zubarwa. Ɗorawa guda ɗaya tsohuwa a tsakiyar gona, ba ƙaramarta ko ɗaya a kusa da ita. Layin darbejiya a bakin titi har iyakar gani. Baƙar leda maƙale a jikin ƙayar aduwa. Can gefe wata a-kori-kura ta tsaya ana loda mata buhunan gawayi, an toshe bakinsu da ganye, za a kai birni.